Gefen Dama

Litinin, da hantsi

Motar nan ta dawo. Fara ce doguwa, an ajiye ta a bakin layinmu daidai inda mai gyaran takalma yake zama, sai da bawan Allah ya kwashe komatsansa ya koma ƙarƙashin matakala. An rubuta a jikinta wai gwajin sankarar mama kyauta ga duk macen da ta haura arba'in. Daga ƙofar shagona ina hango mata sun yi layi da jakunkunansu kamar ana rabon wani abin arziki.

Wata da nake wa ɗinki ta leƙo ta ce, "Tela, ke ba za ki je ba ne?" Na ce mata ni lafiyata ƙalau, kuma ban ga dalilin da mai lafiya zai je neman ciwo da ƙafarsa ba. Na ce in tana shakka ta kalli Yaya. Kullum abin da nake faɗa ke nan, kuma kullum a nan maganar take mutuwa.

Yaya tana can ƙuryar shago tana guga. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Litinin, bayan la'asar

Ban san me ya sa zancen Yaya ya tsaya mini a rai yau ba. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. A da tana buga takardu a ofishin wata makaranta, mace cikakkiya, ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Irin wannan motar aka kawo wurin aikinsu, ta shiga don kada a ce ita kaɗai ta ƙi. Babu ciwo, babu kumburi, babu komai. Suka ce sun ga wani ɗigo a hoto, wai ko hannu ba zai ji shi ba. Kafin mu gama fahimtar me ake ciki an cire mata na hagu ɗungurungum, har da abin da ke cikin hammata. Hannun ya kumbura, har yau bai koma ba. Aikin ofis ya gagara. Shi ne take zuwa nan tana yi mini guga da kalmasa da hannun dama.

Ni nake ɗinka mata riguna tun daga lokacin. Hannun hagu in faɗaɗa shi, a ciki in yi ɗan aljihu na soso don ƙirjin ya zauna daidai. Ba mai ganewa, kuma ina alfahari da hakan.

Daga baya mun je wurin wani likita saboda hannun. Ya duba tsofaffin takardunta ya ce irin wannan ɗigon, da an bar shi, wataƙila ba zai taɓa yi mata komai ba. Da kunnena na ji. Tun ranar ban sake taka asibiti ba, kuma ban yi nadama ba.

Talata, da safe

Na farke koriyar rigata ta gefen dama na ƙara mata faɗin yatsa biyu. Yadin ne ya tsuke da wanki.

Laraba, da azahar

Na shiga wurin maƙwabciyata Mai-turare. Bayan turare tana sayar da wasu ƙwayoyi a kwalba da wani mai na shafawa, wai suna wanke jini suna narkar da duk wani ƙulli. Na ce wata kwastomata ce take da ɗan kumburi kuma tana jin kunyar zuwa da kanta. Ta ce, "Ai gara da ba ta je asibiti ba. Waɗannan ba su san komai ba sai wuƙa. Ta sha biyu da safe biyu da yamma, ta shafa man da ɗuminsa, za ki ba ni labari."

Tana cikin naɗe mini kwalbar na hango maganin hawan jininta a bayan kanta, na asibiti, da tambarinsa da komai. Na kusa tsokanarta, sai na haɗiye maganar. Wanda ya zo nema ba ya tsokana.

Man yana warin kafur. Yaya ta ce me ke wari haka a shagon, na ce na sa wa yadudduka ne saboda kyankyasai.

Alhamis, da yamma

Bayana yana ciwo. Kujerar keken ce, ta yi ƙasa da yawa.

Juma'a, bayan magariba

Auta ta kira. Ita kaɗai Allah Ya bar mini, tana aiki a wani gari mai nisa, amma daga can take mulkina. Wai ta ji an kawo motar gwaji unguwarmu, ko na je.

Na ce, "Wa ya kai miki tsegumi?"

Ta ce, "Umma, don Allah ki bar wasa. Shiga ce kawai ki fito. Ni ma in na kai shekarun zan yi."

Na ce in ta yi ban yafe ba. Na san na yi kaushin baki, amma ita ba ta kwana da Yaya a ɗakin nan na marasa lafiya ba. Ba ta ji yadda ma'aikatan suke ce mata "ta kusa da taga" ba, kamar ba ta da suna. Ba ta ga babban likita ya zo da ɗalibansa sun kewaye gadon, ya yaye mata zane yana nuna musu da biro, bai ko kalli fuskarta ba. Ba ta nan ranar da aka kwance bandeji Yaya ta sunkuya ta duba, ta ce mini a hankali, "Rufe ni." Ni na rufe ta.

Auta ta ce muryata ta canja, ko mura nake yi. Na ce lafiyata ƙalau. Muka koma zancen haya da zancen shugabarta a wurin aiki mai shegen iyayi, har na yi dariya. Da na ajiye wayar sai kuka ya zo mini, ban kuma san na mene ne ba.

Asabar, da hantsi

Na sa wa farar rigata shafi biyu a gaba, duk da haka tabon ya fito. Ba zan ƙara sa fari ba, dama bai taɓa yi mini kyau ba.

Litinin, da yamma

Aiki ya yi yawa, alhamdulillahi. Rigunan makaranta na 'ya'yan mai burodi, da labulen wata malama, da wata mai ciki da take so in saki mata rigunanta. Da na ɗaga hannu zan auna kafaɗar malamar sai da na cije leɓe. Ta ce lafiya, na ce fil ne ya soke ni.

Ina shan ƙwayoyin, ban taɓa tsallakewa ba. Jiya da safe na ga kamar ya ɗan yi laushi. Yau ban duba ba.

Talata, da azahar

Motar ta tafi. Mai gyaran takalma ya koma wurinsa, har ya ɗago mini hannu yana murna. Na zaci zan ji sanyi a raina. Na tsaya a ƙofa ina kallon alamar tayoyin har Yaya ta ce in shigo in rufe, iska tana watsa mata kaya.

Laraba, da asuba

Bayana. Na sa filo a kujerar, bai hana ba. Sallah ma a zaune na yi.

Alhamis, bayan la'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Ni na yi sakaci. Na taho da wankina daga gida don in goge a shago, na bar shi a kan tebur na shiga yanka. Yaya ba ta iya ganin kaya a yamutse ta ƙyale. Ta goge koriyar, ta zo ninkewa. Duk wanda ya zauna da tela ya san riga in an ninke ta biyu, ɗinkin gefe da gefe sai sun haɗu. Ta ninke, ba su haɗu ba. Ta warware ta sake ninkewa. Ina jin ta a bayana, almakashi yana hannuna, na kasa yanka.

Ta ce, "Wa ya ɗinka wannan?"

Na ce ni ce mana.

Ta ce, "Ke da kike farke riga guda saboda zare ɗaya ya karkace?" Ta ɗauko shuɗiyar ta ninke. Ta ɗauko mai furanni. Duka gefen dama ya fi faɗi. Sai ta juya farar ta ga shafin, ta ga abin da sabulu ya kasa fitarwa.

Ta je ta rufe ƙofar shago ta sa sakata, da rana tsaka, ta ja labulen inda mata suke gwada kaya, ta ce, "Shiga."

Na ce, "Yaya, ina da aikin mutane."

Ta ce, "Shiga ki cire, ko in cire miki."

Rabon da ta yi mini magana da wannan muryar tun muna yara tana yi mini wanka. Na shiga. Akwai dogon madubi a wurin, na rufe idona don kada in gani tare da ita. Ta sa yatsunta, masu ɗumin dutsen guga, ta bi har cikin hammata. Sai na ji ta zauna a kan ɗan bencin da ƙarfi.

"Tun yaushe?"

Na ce tun bara, amma da ƙarami ne, kuma ina shan magani.

"Maganin wa?"

Na nuna bangon da ke tsakaninmu da Mai-turare. Ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinta ba.

Raina ya ɓaci. Na ce ita ce za ta tura ni wurinsu? Ita da suka yanka a banza? Na ce ta manta abin da likitan nan ya faɗa, cewa da an bar shi ba zai yi mata komai ba?

Ta ce, "Cewa ya yi wataƙila. Sannan ya ce ba wanda ya isa ya sani, ko shi kansa. Ke kina ta ƙoƙarin tattara jaka kina huci, ba ki tsaya kin ji ƙarshen ba. Kin ɗauki rabin magana kin rataya a wuya."

Na ce ai saboda ita nake fushi.

Ta ce, "Wa ya aike ki? Ni aka yanka, ba ke ba. Wata rana ina cewa da ban shiga motar nan ba, wata rana ina cewa gara da na shiga. Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma kullum ina nan ina guga ina jin ki kina ce wa mata ku kalli Yaya, ku kalli Yaya, kamar ni gawa ce aka jingine a bango. Ga ni nan, ina ci ina sha. Na ga jikokina." Ta share fuska da bayan hannu. "Nawa sai da na'ura aka gan shi. Naki, ƙanwata, ko makaho ya shafa zai gane."

Na mayar da rigata na ce ba inda za ni. Ta ɗauki jakarta ta zare sakata ta fita. Ta bar dutsen guga a kunne, ni na kashe.

Juma'a, da hantsi

Yaya ba ta zo ba.

Asabar, da yamma

Ba ta zo ba. Na yi ƙoƙarin yin gugar da kaina, hannun ya ƙi. Kayan mai burodi suna nan a tare.

Ina ta juya maganarta. Ban taɓa tambayarta ba ko tana jin zafin yadda nake nuna ta. Na ɗauka kare ta nake yi. Amma har yanzu ina nan a kan bakana, ba su kyauta mata ba. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce ga abin da muka sani, ga abin da ba mu sani ba, ke me kika gani. Tsoro suka ba ta suka miƙa mata biro. Wannan ba zan daina faɗa ba ko a gaban wa.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tun da ba mai karantawa.

Litinin, da safe

Ina buɗe shago tasi ya tsaya. Yaya ce a baya, ta sa rigar da na ɗinka mata mai ruwan toka. Ba ta fito ba, ba ta gaishe ni ba, ta dai tura ƙofar motar ta buɗe ta bar ta haka. Direban ya fara danna oda. Mai-turare ta fito bakin shagonta tana kallo.

Na mayar da kwaɗon na rufe.

Litinin, bayan la'asar

Warin asibitin yana nan yadda na bar shi. Kujerun ƙarfen nan ma suna nan. Mun daɗe a zaune har ƙafata ta yi tsami, ga wata ma'aikaciya tana kiran mutane kamar tana koran kaji. Na ce wa Yaya kin gani ko, ba su canja ba. Ta ce in yi mata shiru.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Auta da yawa ba, idonta duk gajiya, wayarta tana ta ƙara a aljihu. Amma kafin ta taɓa ni sai da ta murza tafukanta suka yi ɗumi. Da ta gani ba ta yi salati ba, ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi faɗan, da na sami abin ramawa.

Na gaya mata labarin Yaya tas, ban rage ba, na ce to me za ta ce. Ta ce, "Hajiya, gaskiya ne, akan yi wa wasu aikin da wataƙila ba su buƙata, kuma mu ma abin yana damunmu. Ana iya zama a yi muhawara a kan gwajin mai lafiya. Amma ke ba gwaji kika zo ba. Ke ba ki da lafiya."

Ta ɗebi wani abu da allura mai kauri. Sannan tana rubutu ta ce, "Bayanki yana ciwo?"

Na kalli Yaya. Yaya ta girgiza kai, ba ita ta faɗa ba. Na ce kujerar kekena ce. Likitar ta ce to, amma za a ɗauki hoton bayan ma.

Laraba, da azahar

Yaya ta dawo guga. Ba ma zancen. Ta ga kwalbar Mai-turare a cikin aljihun tebur, ta ɗaga ta duba, ta mayar inda take. Ban sha ba yau, ban kuma zubar ba.

Alhamis, da yamma

Na gama rigunan makaranta. Na gama labule. Wata ta kawo yadi mai kyau ta ce ba ta sauri, ko nan da wata uku ne. Na ce ta kai wa wani telan, hannuna ya cika. Ta yi mamaki, don ba ta ga komai a kan tebur ba.

Asabar, bayan magariba

Na kira Auta. Na tsara yadda zan faɗa tun safe, amma da ta ɗauka sai na tambaye ta ko ta ci abinci. Yaya ta karɓe wayar ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Na zauna a falo ina jin muryar Yaya ƙasa-ƙasa. Da ta fito ta ce yarinyar tana hanya gobe.

Lahadi, da yamma

Ta iso. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta kwanta a cinyata da takalmanta a ƙafa, ƙatuwar mace, ina shafa kanta da hagu.

Talata, bayan la'asar

Mun koma mu uku.

Likitar ta kashe wayarta kafin ta fara magana, a nan na gane. Ta faɗi sunan abin. Ta juyo da hoton ta nuna mini ƙashin bayana, wurare biyu. Auta ta riƙe gefen tebur.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "To ki yanke. Na yarda. Ki cire shi duka, har da ɗayan in kina so. Yau ma in akwai wuri."

Ta ce, "Ba yanzu ba, Hajiya."

Na ce ba na jin tsoro, na ga na Yaya, na san yadda yake, na san yadda ake ɗinka rigarsa.

Ta ce ba maganar tsoro ba ce. Ya riga ya wuce inda wuƙa za ta kai. Za a fara da magani ta jijiya, da wani na ƙashi don ciwon ya lafa. Mutane suna daɗewa a kan maganin, in ji ta, wasu shekaru. In ya karɓe ni, in abin ya ja da baya sosai, to a lokacin za a zauna a duba ko aikin zai yi amfani. Na ce in bai karɓe ni ba fa. Ta ce za mu yi wannan maganar in mun je can, kuma ba za ta ɓoye mini komai ba.

A cikin tasi Yaya ta ɗora kumburarren hannunta a kan nawa. Yana da nauyi, ban taɓa sanin yana da nauyi haka ba.

Laraba, da asuba

Jibi za a fara. Har yanzu ban ce na yarda da su ba, zuwa dai zan yi.

Auta tana barci a gadona. Yaya ta kwana a falo, ita ta zuba mini ruwan alwala. Da na idar na zauna shiru, ta ce in yi addu'a mana. Na ce ban san me zan roƙa ba. Ta ce in roƙi abin da nake so.

Na ɗaga hannu, na hagu ne kawai ya tashi sosai. Na roƙi Allah Ya kai ni ranar da za su yarda su yanke ni. Yaya ta ce amin.